Tsagar Dangin Uwata

A shekarun da Nasara ke gina hanyar da ta gangara daga Gaya zuwa bakin gulbi, ni ɗan goro ne, rumfata na gefen hanyar. Mu 'yan kasuwa ba a kama mu aikin dole. Mutanen ƙauye ake korowa, su yini suna ɗaukar marmara a ka, gardawan kumandan, wato dogaran Baturen mulki, na bin su da dorina. Kullum a gabana ake dukansu, ni kuwa ko a jikina, wai an tsikari kakkausa. Ina yayyafa wa gorona ruwa, ina cewa a raina ai ba namu ba ne.

Wata Laraba da hantsi wani dattijo ya faɗi da kwandonsa dab da rumfata. Gardi ya rufe shi da duka. Dorina ta farfasa masa baya, jini ya jiƙa ƙasa, har ya daina ihu. Da ya juyo da fuska sai na ga tsagar kumatunsa, irin ta uwata sak, ta danginta na wajen Tunuga. A wurinmu duk mai tsagar uwarka kawunka ne, kuma ɗan halak ba ya tsayawa kallo ana kashe kawunsa.

Ban san lokacin da na tsallake huhun goro na cafke dorinar ba. Gardawa uku suka taru a kaina. Gindin bindiga ya zubar mini da haƙora biyu, suka tattake gorona, aka ɗaure mu ni da dattijon a jikin tsamiya. Amma dai an bar dukansa, kuma yana numfashi. Bakina cike da jini, ina jin kaina namijin duniya.

Da ya farfaɗo na ce, "Sannu, kawu."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Yaro, ni ba kawunka ba ne. Bawa ne ni. Ina ƙarami aka sayo ni, ubangidana ya yi mini tsagar gidansu don in na gudu a gane ni." Ya tofar da jini. "Wata biyu ana dukana a gaban rumfarka. Yau da ban juyo da fuska ba fa?"

Kunya ta kama ni har na manta da zafin bakina. Ni da shi duk mun san amsar.