Shekara Bakwai Bayan Yaya Sale, An Cire Dodo Daga Wasansa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, kuma a bana ne Dakta Nafi'u ya cire ni daga wasan da yayan nawa ya ƙirƙira. Bai ambaci sunana ba, bai kore ni da baki ba. Dodo ya cire. Ni kuwa duk wanda ya taɓa zama a rumfar Yaya ya san ni ne Dodon.

Ni ba ɗan boko ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya. Wanda ya ga gargada a rubutuna ya yi haƙuri, ya tsallake ta ya ji maganar.

Yaya Sale maginin tukwane ne a nan Wudil, rumfarsa tana kan hanyar da ɗaliban jami'a suke bi. Wata rana wasu daga cikinsu suka fake a inuwarsa da wani wasan Turawa. Kowa ya zama wani mutum a cikin labari, wannan mafarauci, wancan matafiyi. Mutum ɗaya yana jan labarin, in haɗari ya taso a jefa ƙwayar lido ta nuna ko ka tsira ko ka halaka. Suna da hotunan halittun da ake yaƙa, har da wani mai fukafukai yana aman wuta. Yaya ya leƙa, hannunsa duk yumɓu, ya ce, "Wannan ƙadangaren ne yake ba ku tsoro? Ku ba ni mako guda."

Da suka dawo ya gina musu namu. Ga Dodo da gashin jelar bijimi da ya tsinto a kara, kasuwar shanu. Ga 'yar ruwa mai gashi har gadon baya, ga doguwa, ga mutumin da yake rikiɗa kura. Labarin ma ya ɗauke shi daga ƙasar ƙanƙara ya dawo da shi bakin kogi da gonakin Lajawa. Da yake bayan la'asar ake zama, kullum sai ya fara ɗaure gizo kamar yadda tsofaffi suke yi in za a yi tatsuniya da rana, yaran suna ta dariya.

Ni ga inda na shigo. Tun ina yaro ciwon maƙogwaro ya bar mini wata irin murya, kamar ana jan garwa a kan tsakuwa. Yara suna guduna, manya suna kwaikwayona. Yaya ya ce, "Ɗanjuma, taso. Allah bai ba ka wannan muryar a banza ba." Ya shimfiɗa mini tabarma a bayan randuna. In labari ya kai inda Dodo zai fito, sai in yi gurnani daga can, har wani ya zubar da shayinsa.

Kuma yana da doka. Wanda Dodo ya haɗiye ba ya tashi ya tafi. Sai ya zagayo ya zauna tare da ni a kan tabarma, wai yana cikin Dodo ke nan, muna ɓare gyaɗa har abokansa su yi dabarar farke cikin su fito da shi. A rayuwata ban taɓa samun masu zama kusa da ni kamar lokacin ba. Wasu ma da gangan suke bari a haɗiye su. Nafi'u ya fi kowa, yana ɗalibi siriri mai rigar da ta yi masa yawa. Shekarar da mahaifinsa ya rasu, kusan kullum yana cikina. Gyaɗa kawai muke ɓarewa. Kawu Dodo yake ce mini.

Da Yaya ya rasu wasa ya mutu. Ba wanda zai iya jan labari kamarsa, ɗaliban kuma suka gama suka watse. Aka rushe rumfar, yanzu shagon cajin waya ne a wurin.

Bana sai ga Nafi'u ya dawo yana koyarwa, ya zama Dakta, ya yi tumbi. Ya buga wasan a kwali mai sheƙi, har da sunan Yaya a jiki. Ba shi ya gaya mini ba, a hannun wasu ɗalibai na gani a wurin mai shayi. Na roƙa suka buɗe mini. Na juya katunan ɗaya bayan ɗaya. Babu Dodo. Babu 'yar ruwa, babu doguwa, babu kura. Abin da ke ciki ɗan fashin daji, da mai garkuwa da mutane, da mai ƙwacen waya. Na tsaya na kalli wasan nasu. Aka kama ɗaya daga cikinsu, aka ce ya fita. Ya juya musu baya ya zaro wayarsa. Shi ke nan, ba inda zai je ya zauna, ba wanda zai zo ya fito da shi.

An ce dalilinsa biyu ne. Wai iyaye da malamai za su ce ana koya wa yara harkar iskoki, kuma wai yaran yanzu ba sa tsoron Dodo. Ba zan ce duk ƙarya ba ce. Amma Yaya a sahun gaba yake sallah, bai taɓa yanka wa yumɓu kaza ba. Abin da na sani, an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Nakan tambayi kaina, da yana raye me zai ce? Ya fi ni haƙuri nesa ba kusa ba. Wataƙila dariya zai yi, ya ɗebo yumɓu ya gina ɗan fashin da bindigarsa, ya ajiye shi kusa da kura. Amma ban yarda zai bar Dodo ya fita ba. Tsoron Dodo na aro ne, in an kira magariba ka mayar ka tafi masallaci. Mai garkuwa kuwa yana nan a kan hanya da gaske. A cikin yaran da suke jefa ƙwayar nan, wa ya san wanda kawunsa yake daji har yanzu? Ina wasa a nan?

Me ya rage na Yaya Sale? Randunansa suna nan a wasu gidaje a Achika, suna sanyaya ruwa, masu sha ba su san sunansa ba. Halittun yumɓun suna ɗakina a kan kanta, kurar ta rasa ƙafa ɗaya. Sai kuma muryar nan da shi kaɗai ya samo mata aiki. Na gwada gurnanin sau ɗaya ni kaɗai a ɗaki, matar maƙwabcina ta aiko a tambaya ko lafiya. Ban sake ba.

Makon jiya Nafi'u ya zo da mota har ƙofar gida. Ya durƙusa, ya gaishe ni, ina gajiya, ina iyali, alhali ya san ba ni da kowa. Da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Kawu, za mu ƙaddamar da wasan Baba Sale. Ina so ka ara mana gumakan nan mu sa a gilashi, kayan tarihi ne. Kai ma ka zo ka ɗan yi gurnanin nan, baƙi za su ji daɗi."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na ce, "Nafi'u, da hannuna na sa Yaya a rami, kuma sau ɗaya ake binne mutum. Ba zan ba ka shi ka sake binnewa a gilashi ana tafi ba. In wasa kake so, tuɓe takalminka, kirawo mutanenka, yanzu in sauko da su. In kuwa kallo ka zo yi, ai ka gan ni. Ka gaida gida."