Layu Uku a Wayoyin Dinamo

A shekarar da na gama jami'a na koma garinmu Gadarif, ban sami aiki ba, sai na zama marubucin kawuna, mai yi masa rakiya zuwa gona. Yana da tsohuwar mota a-kori-kura, irin wadda muke kira boksi, da gonar riɗi a kusa da Ƙala'at an-Nahal. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa. Idan ya nuna ba a yanke shi ba, ƙwansonsa ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa.

Wani makanike ya taɓa sabunta wayoyin motar da ƙulli guda na baƙar waya, saboda ita kaɗai ake samu a kasuwa a lokacin. Siraran wayoyi uku da ke shiga dinamo, wato na'urar da ke cika batir, suka zama kamar 'yan uku. Kawu ya ɗaura wa kowace laya, ɗaya a jar fata, ɗaya a baƙa, ɗaya a koriya, don tsari daga haɗari. Da launin layun yake gane mazaunin kowace waya, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Ana gab da yanka aka cire dinamon aka kai gyara. A ranar ne babban ɗan kawu ya dawo daga sansanin horo da sabon gemu. Ya leƙa injin, ya ga shirka a rataye, ya sa wuƙa ya tsinke layun duka. Da aka dawo da dinamon, makaniken ya riga ya wuce garin Basunda gyaran taraktoci, 'yan ƙwadagon da muka ɗauka a kasuwa kuma suna zaune a kan ƙunshin kayansu, wani manomi na zagaya su yana neman janye su zuwa tasa gonar.

Kawu ya daɗe yana kallon wayoyin. Ɗan nasa ya ce a dogara ga Allah a haɗa kawai. Kawu ya amsa cewa ya dogara, amma dinamon ba shi da na biyu. Sannan ya juyo gare ni.

"Ya ustaz, ba a koya muku wannan a Khartoum ba?"

Nahawu na karanta, amma na san yadda ake ware abu daga ɗan'uwansa. Na ciro ƙwan fitilar baya, na ɗaura masa guntun waya. Na jingina shi da kan batir, na taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta haskaka shi sosai ita ce ta jikin mota. Aka murɗa makulli, na sake gwadawa daga jikin ƙarfe, ƙwan ya haska, ta biyu ta bayyana. Ta ukun ba ta buƙaci hujja ba. Sai dai gano ramin da kowace za ta shiga ya ci mana yini, domin tsatsa ta cinye haruffan da ke bayan dinamon, sai da na kankare su da allura.

Washegari muka isa gonar da rabin ma'aikatan, sauran sun bi wancan manomin. Riɗin gefen gabas ya riga ya tsage, kurciyoyi sun rufe ƙasa suna tsince ƙwayar. Kawu ya tsaya a bakin kunya, ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Ga sadakarka nan, ya shehi. Dubi yawan masu yi maka addu'a."