Bayin Gidanmu Ba Shi da Rufi

Bayinmu katanga ce kawai ta laka, sama a buɗe, kamar na kowa a ƙauyenmu. Ban taɓa tunanin rufi ba sai bana.

Da hantsi ne, ina wanka, na ji ƙara kamar ta taron zuma. Na ɗaga kai, sai ga ɗan ƙaramin jirgi, bai fi faifai ba, tsaye cak a kaina. Na fizgo zani na duƙunƙune a gindin katanga, sabulu na cin idona. Sai da ya tafi sannan na miƙe.

Washegari Baba ya ce mai unguwa na nemana. Wasu malamai ne daga jami'a suke auna yadda gonaki da itatuwa suka canza, jirgin nasu ne, hoto yake ɗauka. Tunda na gama sakandare, in je in riƙa rubuta musu sunayen wurare.

Na tarar da dattawa sun kewaye kwamfuta. Wata malama a cikin baƙin tana nuna tsohon hoton tauraron ɗan'adam gefe da na jiya: inda ɗorawa take da, yanzu fili, fadama ta koma gidaje. Ni kuwa ina riƙe da biro, hankalina na kan bayinmu.

Ƙanin Baba ya ce, "Malama, bar zancen ɗorawa. Jawo mana gidan Yaya, mu ga rumbunan da yake ɓoye mana."

Aka kwashe da dariya. Baba ya ce, "Jawo masa, Malama, ko hassada ta bar shi ya yi barci."

Ta jawo. Ga rumbu, ga turken awaki, ga shanyar Inna. Ga bayi. Bokitina shuɗi a tsakiya, da wani abu baƙi a inuwar katanga.

"Wannan fa? Yaya, tunkiya kake ɗaurewa a bayi?"

"Randa ce, Baffa," na ce. Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Baba ya juyo ya dube ni. Ya fi kowa sanin ba mu da randa a bayi. Malamar ma ta dube ni, sai ta yi wuf ta mayar da hoton kan gonaki. Da za su tashi ta ja ni gefe, ta ce, "Ƙanwata, gonaki kawai muke so, zan goge gidajen." Amma ban san wa ya riga ya gani ba.

Bayan la'asar na ji ƙarar guduma. Tsohon kwanon rufin da Baba ya ajiye don rumfar awaki yake bugawa a kan bayi. Inna ta tambaye shi dalili, ya ce rana ce ta yi yawa.

Har yau a duƙe nake gaishe shi, ban ɗago ba.