Wayar Kaka a Gaban Layi

Kuma wallahi duk abin yana cikin ɗan akwatin wifin nan da muka rataya a ƙusa a zauren gidanmu na Sokode! Kullum ina ganin fitilunsa na ƙyaftawa, ashe ana iya gaya masa wa zai fara wucewa. Ranar da na gano haka a waya, ni kaɗai, ba wanda ya koya mini, ko tuwo ban iya ci ba.

Ga dalili. Babana mahauci ne. Tun da gwiwa ta hana shi doguwar tafiya, ƙaninsa, Kawu, ke shiga kasuwar shanu a Dapaong, ya kira shi da bidiyo, ya zagaya sa da waya. Baba kuwa ba ya sayen sa sai ya ga tafiyarsa. To gidanmu wayoyi sun fi kofuna yawa. Ana fara kira sai sa ya ɗaga ƙafa ya daskare a haka, don wata na sauke fim a ɗaki. Kafin ya ajiye ƙafar, wani ya saye shi.

Na same shi da gudu. "Baba, ƙofa ɗaya ce, kowa na turereniya. Fim zai iya jira, ba ya lalacewa. Amma murya da hoton kira, in suka makara sun tashi a banza. Zan sa wayarku ta riƙa wucewa farko."

Ya ce, "Wato layi ne?"

"Layi ne, Baba."

"Ni a gaba, Inna a baya?"

"Ai Kaka gaisuwa kawai take yi da tata."

"Kai, a gidan nan an taɓa zuba wa wani tuwo kafin ita?"

Na yi bayani har da zane a ƙasa, bai ko kalla ba. Haka na jera wayoyin gida bisa shekaru: Kaka a sama, ni can kusa da ƙarshe.

Ba a daɗe ba yara suka gane wayar Kaka ba ta tsayawa. Jikokin da ko ruwa ba sa miƙa mata suka koma matsa mata ƙafa, tana ba su aro.

Ranar kasuwa ta zo, ga masu bikin suna sun ce a tanadar musu nama. Kawu ya kira, wani farin sa ya bayyana, ya ɗaga jela, ya tsaya cak. Daga ɗakin Kaka kuwa kiɗan fim ke tashi sumul. Baba ya dube ni, na dubi akwatin. Ya ɗingisa har ƙofarta, ya durƙusa.

"Inna, a ara mini waya."

"Wayata ba ta fita ɗakin nan. Ka ce ya kira nan."

Jama'a, hoto tas! Har ƙudan da ke kan tozo ana gani. Na kusa yin ihu. Sai dai wayar na hannunta, ta ƙi saki.

Ta ce da Kawu, "Kora shi in gani. Wannan? Da ubanku na raye ko kallonsa ba zai yi ba. Nuna mini jan can."

Baba ya ce, "Inna, farin ya fi..."

"Da kai nake?"

Jan aka ɗoro a mota. Tun daga ranar Kawu ita yake kira, Baba na tsugune a gefe yana leƙe. Ni kuma in na wuce ta ce, "Maigida, a ƙara mini rezo," wato ƙarfin intanet.

Ku fa, waye a gaban layi a akwatin gidanku, kuma ya kuka yi da tsofaffi? Don Allah ku ba ni labari.