Ɗan Allon da Baba Ya Haɗa

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu na kai wa Baba mai gyara risibata ta tauraron ɗan adam. Rumfarsa a kasuwar Daura kullum ƙaurin dalma take yi. A jikin mitarsa ta awon wuta na fara gane lambobi, tun kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake. "Ga makaɗin gayya, ɗana. Da bugunsa komai na ciki yake tafiya. Naka ya mutu. Wanda na samu wuta mai ƙarfin bolt biyar yake bayarwa, injinka kuwa uku yake ɗauka."

"To a rage mana, Baba."

"Garaje ke nan! Ragewa ba wuya, sai dai kada bugun ya girgiza. In wani ya riga, wani ya makara, fartanya sai ta sari ƙafa."

Ya yini yana haɗa ɗan allo mai gajerun wayoyi da zai rage wutar. Tun daga ranar hoto bai ƙara ɗaukewa ba.

Jiya, shekara guda da rasuwarsa, na karɓo risibar daga wani sabon mai gyara. Gyaran soket kawai na kai masa. Ya cire allon, ya zura doguwar waya.

"Tarkacen tsofaffi ne, Malam, na zubar."

Tarkace! Na tona bola har la'asar, ban ga allon ba. Da na kunna risibar kuma, babu hoto. Har yanzu zuciyata tafasa take yi.

Allah Ya haskaka kabarin Baba, ni kuma Ya sanyaya mini rai. Hoto ya tafi, allo ya tafi, hannun da ya haɗa shi yana ƙasa. Uku ke nan.