Maman Yara Ashirin da Huɗu

Mahaifiyata ta raini yara ashirin da huɗu, amma ɗaya kawai ta haifa. Ni ce ɗayar. In aka ƙirga kwanakin da kowannenmu ya yi a bayanta, ni ce ta ƙarshe a layi.

Ina da wata biyar mahaifina ya rasu. Direban babbar mota ne, ya fita aiki aka dawo da gawarsa. Ya bar mana ɗaki ɗaya a gidan haya, da katifa, da rediyo. Mahaifiyata lokacin shekarunta ashirin da biyu, karatunta bai yi nisa ba, ba ta da sana'a. Wata maƙwabciyarmu mai wanki a unguwar ma'aikatan wani kamfani ta gaya mata ana neman mai raino a gidan wani injiniya baƙo. Ta ajiye ni wurin Kaka, wato mahaifiyarta, ina wata takwas, ta ɗauki jaka ta tafi. Kwana shida a can, kwana ɗaya a gida. Haka ta yi shekara talatin da ɗaya.

Mutanen unguwar nan baƙi ne daga ƙasashe iri-iri. Su zo su yi shekara biyu ko uku, aikinsu ya ƙare, su kwashe kaya. Masu tafiya sai su bar wa masu zuwa mahaifiyata, yadda ake barin firji da labule. Takan ce ta fi kowane manaja daɗewa a kamfanin, sai dai ba a taɓa rataya hotonta a ofis ba.

Ranar hutunta takan iso da safe tana ƙamshin hodar da ba mu da irinta. Ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta ta fara mini kitso, bakinta kuwa ba ya hutawa, kuma duk hirar ta yaran wasu ce. Sunayensu na yi mata wuyar faɗa, don haka kowa ta laƙaba masa nata. Akwai Kumatu, akwai Sarkin Kuka, akwai Ci-Ka-Ƙoshi. Kumatu ta fitar da haƙori. Kumatu ta ƙi cin abinci sai a hannunta. Ni kuma ina ƙasa, wuyana a sanƙare, ina jira a tambaye ni ko ni ma na fitar da wani abu.

Ina shekara bakwai aka kwantar da Kaka a asibiti, babu inda za a bar ni, sai ta tafi da ni wurin aiki. Ta zaunar da ni a kan matakalar ƙofar kicin ta baya, ta ce kada in taɓa komai. Daga nan ina hango falo: kujeru farare, da doki na katako, da kwandon kayan wasan da ya fi katifarmu faɗi. Can sai ga wata yarinya 'yar shekara uku, gashinta kamar zaren masara, ta sheƙo a guje ta rungume ƙafar mahaifiyata.

"Mama!" in ji ta.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɓamɓare hannunta na ture ta, ta zauna daɓas a kan tayil.

"Ba mamanki ba ce!" na ce da ƙarfi.

Ta fashe da kuka, ni ma na fashe. Mahaifiyata ta tsaya tsakaninmu na ɗan lokaci, sannan ta sunkuya ta ɗauki Kumatu. Yau na haura shekara arba'in, na san dalili: matar gidan tana saukowa daga bene, kuma abincinmu a hannunta yake. Sanin bai goge abin da idona ya gani ba.

A cikin bas muna komawa na tambaye ta, "Wa ya koya mata kalmarmu?"

"Wace kalma?"

"Mama."

Ta yi dariya har mutane suka waiwayo. "Tilo, ai ba tamu ba ce mu kaɗai. Su ma a yarensu haka suke cewa."

Ban yarda ba. Na ɗauka yarinyar ta ji ni ne ta wata hanya ta sace, ita kuma tana rufa mata asiri. Na juya fuskata ga taga har muka sauka.

Tun kafin wannan rana, ashe, mahaifiyata ta sa wa kalmar nan ido. Ba ta rubuta komai, a ka take tarawa. Duk gidan da ta shiga, kafin ta koyi yadda suke cewa ruwa ko barci, sai ta kasa kunne ta ji wa ake ce wa mama. A yawancin gidajen uwa ce. Amma a gidan wani likita, mutumin wata ƙasa mai duwatsu can nesa, ranarta ta farko ta ji yara sun ruga ƙofa suna ihun "Mama! Mama!" Ta gyara ɗankwali don ta gaida uwargida, sai ga wani ƙato mai gemu har ƙirji ya shigo da jakar aiki. A yarensu uba ne mama, uwa kuma deda. Ta ce sai da ta shige bayi ta toshe baki da tawul ta yi dariyarta ta ƙoshi.

A gidan wani mai saya wa kamfanin yadi kuwa, kawu ne mama, ɗan'uwan uwa. A wani gidan, in jariri ya ce mamma, abinci yake nufi, uwarsa ma haka take ce masa in ta ɗauko cokali. "Mu ma ai haka ne," in ji ta. "Nonon ma ba mama muke ce masa ba?"

Daga nan ta gina nata bayanin, kuma ba wanda ya isa ya ja da ita. Ta ce ta zuba wa bakin jarirai ido fiye da kowane likita. Yaro in yana tsotso leɓensa a haɗe suke, yana gurnani ta hanci. Da ya saki ya buɗe baki, me zai fito? Ma. Shi ne sautin da ya fi sauƙi, ba ya bukatar haƙori, ba ya bukatar harshe.

"Ba kowa yake kira ba," in ji ta, tana ja mini gashi. "Bakinsa yake gwadawa. Mu manya ne muke rububin abin. Duk wanda yake kusa ya amsa, shi ke nan ya zama nasa."

Ita hira take yi. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji, domin na san wanda ba ya kusa lokacin da nake gwada nawa bakin. Da ta koma aiki na sami Kaka tana tsince shinkafa a tire.

"Kaka, wa na fara ce wa mama?"

Ba ta ɗago ba. "Ni."

"Kika amsa?"

"Ban amsa ba. Ranar Talata ce. Na yi kamar ban ji ba. Duk sa'ad da kika faɗa sai in juya ki wajen ƙofa, har ranar hutunta ta zo." Ta watsar da tsakuwa. "Da ta shigo kuma kika ƙi faɗa. Kika yi ta kuka kina miƙo mini hannu. Uwarki ta yi sati biyu ba ta yi mini magana mai daɗi ba."

Wannan labari ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Na ji sanyi a raina cewa ita ma ta ɗanɗana.

Kalmar ta taɓa raba ta da aiki sau ɗaya. Sarkin Kuka, ɗan wata mata mai aikin ofis, ya fara faɗarta a gaban baƙi, yana miƙa hannu ga mahaifiyata, uwarsa na zaune. Kafin wata ya ƙare, matar ta ce ba ta bukatar mai raino. Mahaifiyata ta yi wata uku a gida, kuma waɗannan su ne watannin da suka fi kowanne daɗi a yarintata. Takan zauna bakin ƙofa ta yi tagumi tana cewa, "Ko wa ke yi masa wanka yanzu? Ba ya son ruwa a fuska." Ni kuma ina addu'a a ɓoye kada a sake kiranta. Aka kira ta.

Daga nan ta koyi dabara. In yaro ya fara faɗa mata, sai ta yi shiru. Ta riƙa ɗaukarsa zuwa gaban hoton uwarsa tana nunawa, kwana da kwanaki, har ya saba. Ranar da ya faɗa wa uwar, sai ta saki abin da ke hannunta, ta dafe ƙirji, ta ce, "Madam, kin ji? Yau ya fara!" Ta ba ni wannan labari sau da yawa tana alfahari, har da kwaikwayon yadda take zaro ido.

Na girma, na shiga kwalejin horar da malamai. Wata rana malaminmu na harshe ya yi darasi a kan kalmomin jarirai. Ya cika allo da mama da baba da dada daga harsuna iri-iri, ya ce masana da yawa suna ganin ba aro ba ne, kowane jariri ne yake ƙirƙiro su daga motsin leɓe, iyaye su ba su ma'ana. Na zauna ina jin haushi ban san na mene ne ba. Da na je hutu na maimaita mata, da manyan kalmomi, don ta ga ni ma na san wani abu a kan abin nata.

"Sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Shekara uku kina can don ki ji abin da na gaya miki ina yi miki kitso. Ya faɗa muku na mai gemu?"

Bai faɗa ba. Ta ji daɗin haka ƙwarai.

Ta bar aiki da gwiwoyinta suka fara ciwo, shekarar da na haifi 'yata. Kaka ta riga ta rasu, sai ta dawo gidanmu. Da hutun haihuwata ya ƙare na koma aji, na bar mata jaririyar. Na ce a raina yanzu dai hannun nan da ya yi wa duniya aiki zai yi wa jinina. Ban yi tunanin sauran ba.

Wata ranar Alhamis na dawo da yamma, takardun jarrabawa a hammata. 'Yata tana zaune a tabarma, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mama." Mahaifiyata ta saki kofin da ke hannunta, ta dafe ƙirji, ta zaro ido.

"Tilo, kin ji? Yau ta fara!"

Na ajiye takardun. Hoton aurenmu, wanda kullum yake can saman kabad, yana jingine a kan kujera daidai tsayin jariri.

"Mama, ni ba madam ba ce," na ce. "Yaushe ta fara?"

Ta sunkuya tana goge ruwan da ya zube. Ta daɗe tana gogewa.

"Yau kwana tara."

Na ɗauki 'yata na shige ɗaki na rufe ƙofa. Mijina ya dawo ya tarar da gida tsit, ya ji labari, ya ce shi bai ga abin faɗa ba, ai alheri aka yi mini. Na ce ya bari sai ranar da ta ce wa mai gadi baba, sannan mu yi magana. Kwana uku ina gaida mahaifiyata a tsaye. A na huɗu ta same ni a kicin ta ce, "Ban amsa mata ba, ko sau ɗaya. Wallahi da wuya." Na ce na sani. Muka ci gaba da yanka albasa.

Yanzu shekarunta sittin da bakwai. Yaran da ta raina sun bazu a duniya, kuma tun da waya ta zama mai nuna fuska suka nemo ta ɗaya bayan ɗaya. Hannunta yana rawa, don haka ni nake riƙe mata wayar. Ina tsaye kamar sandar lantarki ina kallon manyan mutane, wasu da sanƙo, wasu da furfura, suna washe baki suna kiranta da sunan da nake kiranta. Suna nuna mata 'ya'yansu. Tana tuna abin da kowa ba ya ci, da wanda ke tsoron kare. Ni har yau takan manta ba na shan madara.

Makon jiya wani ya kira, matuƙin jirgin sama ne yanzu. Ya yi minti ashirin yana zuba, hannuna ya gaji. Da na ji ya fara cewa zai aiko a ɗauke ta ta je ta ga gidansa, sai babban yatsana ya danna jan maɓalli.

"Sabis ya ɗauke," na ce.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe.

"Sabis ɗin nan naki," in ji ta, "ba ya ɗaukewa sai an ambaci jirgi. Kira shi, Tilo. Matarsa ba ta da lafiya, bai kai ga faɗa ba ne, na gani a idonsa."

Na sauya hannu, na jawo kujera na zauna, na sake kiran lambar. Ashe kuwa gaskiyarta, an yi wa matar aiki kwana biyu da suka wuce.