Littafin da Na Zaɓar wa Baba

Shekaru sun ja, wataƙila na haɗa wata rana da wata. A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina ƙaramin malamin gona a aikin dam ɗin Bakolori, mutum mai gudun abin da za a ce. Mahaifina falken shanu ne a Talata Mafara. Da ƙafa ya ci ƙuruciyarsa tsakanin Maradun da Bakura, amma da titi ya zo sai ya koma gaban mota, jiki ya yi nauyi. Likita ya ce hawan jini ne, ya riƙa tafiyar ƙasa kullum. Baba ya ƙi. Ya ce ranar da aka gan shi yana taka sayyada zuwa kasuwar shanu, kafin azahar mahauta sun gama yaɗa cewa ya karye.

Ni na kawo shawarar ya motsa jiki a ɗaki. Wani Bature mai komawa ƙasarsu ya bar mini bidiyo da kaset biyu na motsa jiki, kowanne da littafinsa. Na farko na dattawa ne, yawancinsa a zaune ake yi, sai dai mace ce ke koyarwa, cikin kaya masu kama jiki. Na biyu maza ne zalla, majiya ƙarfi, motsa jikin kuma mai tsanani. Kwana uku ina juya abin a raina. Fuskar Baffa nake hangowa, yayan Baba mai karantarwa a zaure, in ya ji abin da na kunna wa ƙanensa. Na ɗauki na mazan.

A shafin farko na littafin an rubuta cewa mai hawan jini kada ya fara sai da izinin likita. Na karanta. Baba bai yi boko ba, ni kuma iyakar abin da na ce masa shi ne ya bi a hankali. Sau ɗaya ya kalli kaset ɗin a gidana, ya yi dariya, ya ce waɗannan ƙartin ko maraƙi ba za su kayar ba. Ya tafi da littafin saboda hotunan.

Ina jin mako biyu aka yi, ko uku. Wani hantsi cikin bazara Inna ta ji faɗuwa a turakarsa. Ashe ya rufe ƙofa don kada a gan shi yana motsa jikin, sai da aka ɓalle ta. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, Baffa ma cewa ya yi ƙaddara ce. Ban gaya musu zancen shafin nan ba.

Da ya fara miƙewa, likita ya sake cewa tafiyar ƙasa. Kowace Talata nakan riƙe hannunsa har kasuwa. Mahauta na tashi su ba shi benci. Ban ji wanda ya ce ya karye ba.

Duk mai zaɓar wa wani kaset ko littafi irin wannan, ya duba jikin mai yi, ba bakin mutane ba, ya kuma karanta masa gargaɗin duka. Waɗanda suka shaida lamarin, in na kuskure wata ko wuri, su aiko da gyara. Zancen shafin farko dai ba mai gyara mini, ni kaɗai na karanta shi.